Wanda Aka Nuna wa Bindiga a Damagaram: Ta Ina Ake Neman Diyya?

Mutum ya zaro bindiga ya auna ka, ko da bai harba ba, ya yi laifi kuma ya cuce ka. Dokar farar hula ta Nijar, a aya ta 1382, ta ɗora wa duk wanda ya jawo wa wani cuta da laifinsa nauyin biyan diyya. Firgici da zubar da mutunci a gaban jama'a suna cikin cutar da alƙali yake yi wa kuɗi.

Amma kada ka fara da kotun farar hula. Idan mai gabatar da ƙara na gwamnati ya buɗe shari'ar laifi a kan wannan magana, alƙalin farar hula zai jingine taka har a gama waccan. Kuma wanda ya fara kai ƙararsa ɓangaren farar hula, a ƙa'ida ba ya dawo da ita ɓangaren laifi da kansa. Hanya mafi sauƙi da arha ita ce ka kai kuka komisariya ko wurin jandarmomi, ko ka rubuta wa mai gabatar da ƙara na babbar kotun Damagaram, sannan ka shiga shari'ar a matsayin wanda aka cuta, abin da ake kira parti sibil. Hukunci ɗaya zai yanke horo da diyya tare, binciken kuma hukuma ce ke yin sa, ba aljihunka ba.

A kwanakin farko ake cin irin wannan shari'a ko a faɗi. Bindigar da ba a harba ba, ba ta barin kwanso ko rauni, sai bakin shaidu. Rubuta sunayen waɗanda ke wurin da lambobinsu a ranar, tun kafin dangi su fara zarya gidajensu da “a yi haƙuri, ɗan uwa ne”. Faɗi wuri da sa'a, irin bindigar, ƙarama ce ta hannu ko doguwa, daga ina ya ciro ta, da ainihin kalaman da ya furta. Kafin ka sa hannu a takardar bayani, a karanta maka ita a fassara da Hausa. Da faransanci ake rubuta ta, kuma sau da yawa “ya auna ni” yakan koma “ya yi mini barazana”, bindigar ta ɓace. Saƙon WhatsApp ko na murya kada ka goge, kai wayar wurin wisiye, wato ma'aikacin shari'a mai tabbatar da hujja da zartar da hukunci, ya tabbatar da shi a rubuce. Idan barci ya ƙaurace maka ko hawan jini ya tashi, je asibiti ka karɓi takardar likita, ka adana rasit ɗin magani.

A gaban alƙali sai ka faɗi adadi, domin ba ya ba ka fiye da abin da ka nema. Rarrabe shi: kuɗin magani, kwanakin da shago ya kwana a rufe, sannan firgici. Mai cewa “na bar wa kotu” yakan fita hannu wofi. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya tambayi ofishin hukumar ANAJJ mai tallafa wa marasa ƙarfi a shari'a.

Sulhu a gaban mai unguwa ko a fada ba aibu ba ne, sai dai a rubuta shi da adadi da ranar biya. Yafewarka kuma ba ta tilasta wa mai gabatar da ƙara ya janye, musamman in bindigar ba ta da izini.

Bayan hukunci, wanda bai gamsu ba yana iya zuwa kotun ɗaukaka ƙara, tana nan Damagaram, amma wa'adin gajere ne, a tambayi magatakarda a ranar. Kotu ba ta karɓo maka kuɗi da kanta. Za ka ciro kofin hukunci mai hatimin zartarwa, ka ba wisiye ya kama kaya ko asusun banki, kuma kai za ka fara biyan sa. Shi ya sa tun kafin ka shiga, bincika ko mutumin yana da albashi, mota ko shago da za a iya kamawa.