Talata a Garwa, ni da agogon Discord

Zafin Afrilu ya tashe ni tun kafin assalatu. Ina dawowa daga masallaci na buɗe kwamfuta, don in rage aikin manhajar lissafin buhunan albasa da nake haɗa wa Kawu kafin a ɗauke wuta.

Daren jiya ne na ƙulla wani ɗan shiri. Da zarar na zauna aiki da Claude Code, basirar na'ura mai taya rubuta manhaja, sai Discord, dandalin hira na intanet, ya rubuta a ƙarƙashin sunana abin da nake ciki, ga sunan fayil, ga agogo yana ƙirga mintoci. Rich Presence ake ce wa tsarin, kuma asalinsa don masu wasannin kwamfuta aka yi shi, abokanka su ga wasan da kake bugawa. Za ka yi rajista a shafin masu ƙera manhaja na Discord, a ba ka lamba, daga nan shirinka ya riƙa yi wa Discord ɗin da ke buɗe a kwamfutarka raɗa. Ka rufe shi, magana ta ƙare.

Na so wannan abu ne saboda kaɗaici. A unguwarmu babu wanda zan ce wa lissafina ya ƙi daidaita ya gane ciwon. Kuma ba na son ɓoye cewa da basirar na'ura nake aiki. Wasu a zaurenmu na Discord suna jin kunyar a sani, kamar an kama su da satar amsa. Ni kam ita ke rubuta kaso mai yawa, ni ke karantawa layi-layi, ni kuma Kawu zai tuhuma in buhu ɗaya ya ɓata a lissafi.

Wajen ƙarfe 11 abokina da muka yi jami'ar Ngaundere tare ya turo saƙo: "Mutumina, awa 3 kana kan fayil ɗaya, lafiya?" Na ce masa kuɗi ke fitowa da ɗigo-ɗigo a bayansu. Ya ce a ciniki babu kuɗin da ya gaza sefa ɗaya, in ajiye komai a cikakkiyar lamba. Minti 10 aka gama abin da ya cinye mini safiya. Raina ya yi fari ƙal.

Sai ya ƙara da cewa in duba sunan fayil ɗin da kyau. Gabana ya faɗi. Na sa masa sunan wani dillali da Kawu ke bin bashi, ga shi ɓaro-ɓaro kowa a zauren yana gani tun safe. Nan take na cire sunan fayil daga abin da ake nunawa, na bar "ina rubuta manhaja" da agogo kawai. Bayan la'asar na je rumfa na gaya wa Kawu. Ya yi jim, sannan ya ce, "Ɗana, sirrin bashi amana ne, a kiyaye." Na ce in sha Allahu, Kawu.

Ana gama isha'i wuta ta tafi, intanet ya bi ta, sunana ya dushe a Discord. Ko minti 5 ba a yi ba wayata ta yi ƙara: "An ɗauke muku ke nan?"