Nawa ne kuɗin shimfiɗa rezin a ƙofar gida? Ga yadda tawa ta kaya

Kusan wata huɗu na yi ina kai da kawo kan filin ƙofar gidanmu inda muke ajiye mota, nan Ingila. Tsohon kankare ne tun na mutanen da suka sayar mana da gidan, duk ya tsattsage ciyawa na leƙowa ta tsagar, in an yi ruwa kuma sai ya kwanta daidai bakin ƙofa yara su taka su shigo da shi har falo. Uwargida ce ta fara ganin na maƙwabcinmu, irin tsakuwar nan ƙanana da ake gaurayawa da rezin, wato wani irin gam mai ƙarfi, a shafe ƙasa da ita sumul ba gaɓa ko ɗaya, ta ce Abban yara irin wannan nake so. Ni ma gaskiya ya burge ni, shi ya sa na fara kiran 'yan kwangila.

Filin namu murabba'in mita 45 ne. Mutum uku suka zo, farashi uku na ji kuma wallahi kamar ba aiki ɗaya suke magana a kai ba. Na farko ya ce fam 2,300 kuma jibi zai fara. Na biyu ya ce 3,200 zai ɗora a kan kankaren da ke nan. Na ukun ya durƙusa ya sa mukulli cikin tsagar ya daddanna, ya taka gefen ya ga yana motsi, sannan ya ce shi ba zai shafa komai a kan wannan ba sai an fasa an haƙa, fam 6,100. Raina ya ɓaci a lokacin, na ɗauka so yake ya yanke ni. Sai da ya zauna ya yi min bayani dalla-dalla sannan na gane inda kuɗin ke tafiya.

Ita wannan shimfiɗar mai kyan gani fa kaurinta milimita 18 ne kacal a inda mota za ta hau, ko faɗin yatsa biyu bai kai ba. Ba ita ke ɗaukar nauyin mota ba, abin da ke ƙarƙashinta ne ke ɗauka. In ƙasan ya tsage to tsagar nan za ta biyo ta fito sama, in ya nutse ita ma ta nutse, shi ya sa ma ba a ɗora ta kan bulo-bulon nan da ake jerawa saboda kowanne motsinsa yake daban. To in ka yi sa'a kwaltarka ko kankarenka lafiyayye ne, wankewa kawai za a yi a gyara 'yan wurare a shafa, kuɗinka ya ragu sosai. In kuwa irin nawa ne sai an kawo injin haƙa, a biya kuɗin kwashe ɓaraguzai wanda shi kansa ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar nan, a zuba dakakken dutse a daddaɓe da inji, a zuba kwalta mai ƙofofi wadda ruwa ke bi ta ciki, a kafa dutsen gefe da zai riƙe bakin, duk wannan kafin a buɗe bokitin rezin ko ɗaya. Kusan rabin kuɗina a nan ya tafi, a abin da ido ba zai sake gani ba.

Akwai kuma maganar doka da mutane da yawa ba sa lura da ita. Tun Oktoba 2008 a Ingila, in za ka rufe filin gaban gida da ya wuce murabba'in mita 5 da abin da ruwa ba ya ratsawa, sai ka nemi izinin gini daga kansil, wato ƙaramar hukuma, sai fa in ruwan zai gangara cikin ciyawa ko fulawowinka ya tsotse a nan. Dalili kuwa ambaliya, kowa ya sumunce gabansa ruwa ya rasa inda zai shiga sai kwata. Masu talla suna son cewa rezin ruwa na ratsa shi don haka ba ruwanka da izini, eh gaskiya ne yana ratsawa, amma in aka ɗora shi kan tsohon kankare ina ruwan zai je? Zai ratsa saman ya tarar da kankare ya gangara titi kamar da. Wannan shi ne abin da na biyun bai faɗa min ba, kuma har yau abin yana min ciwo don na tambaye shi kai tsaye ya kauce.

Na farkon kuwa da na matsa masa da tambaya ashe ba irin aikin ba ne ma. Iri biyu ne sunansu kusan ɗaya, rezin bound da rezin bonded. A bound ana zuba busasshiyar tsakuwa da rezin cikin injin gauraya kowace ƙwaya ta jiƙe sannan a shafe da cokalin magini. A bonded kuwa, wanda shi ne mutumin ke nufin yi min, gam ɗin ake shafawa a ƙasa a watsa tsakuwa a kai, ya fi araha, ruwa ba ya ratsa shi, kuma tsakuwar na ɓallewa a hankali. Don Allah 'yan uwa duk wanda zai yi aikin nan ya sa a rubuta masa a takarda wanne ne, kauri nawa, kuma wane irin rezin.

Don shi ma rezin ɗin iri biyu ne. Akwai wanda rana ba ta canja masa launi, ya fi tsada, akwai mai arha wanda yake komawa ruwan ɗorawa bayan ɗan lokaci, har ka ga inda mota ke tsayawa launinsa daban da sauran filin. In tsakuwa mai duhu ka zaɓa ba zai fito sosai ba, amma mu fara-fara mai ruwan toka uwargida ta zaɓa, ba yadda za a yi mu yi wasa da wannan.

Sai ƙananan abubuwa da ke taruwa su zama babba. Murfin magudanar ruwa da ke tsakiyar filin sai da aka canja shi da mai zurfi wanda ake cikawa da rezin don ya saje. Harajin VAT kashi 20 cikin ɗari, ka tambaya ko yana cikin farashin ko a'a tun kafin ku daidaita. Ƙaramin fili kuma kuɗin kowace mita ya fi tsada, tunda inji da ma'aikata dole su fito ko mita goma ce. In bakin titinka ba a saukar da shi ba don mota ta hau, wannan aikin daban ne, izinin kansil ne kuma kuɗinsa daban. Mu dai Allah ya taimaka namu a sauke yake.

Ɗan kwangila na ukun na ba aikin. Sau biyu ya ɗage ranar shafawa saboda hadari, ya ce danshi kaɗan in ya taɓa rezin kafin ya kama sai ya yi kumfa ya yi fari-fari, kuma ba ya aiki in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 5. Su huɗu suka zo ranar, ɗaya na kan inji ɗaya na tura baro biyu na shafawa ba tsayawa don kada a ga gaɓa, suka yayyafa garin gilashi a sama saboda santsi. Washegari muka taka da ƙafa, motar kuwa sai da ta ƙara kwana biyu a titi. Kafin ya tafi ya ja min kunne kada in riƙa murɗa sitiyari mota na tsaye a kai, kuma in share ganye in kaka ta shigo don kada gansakuka ta samu wurin zama. Daren Asabar ɗin nan an yi ruwa mai ƙarfi, da asuba na leƙa bakin ƙofa ban ga ko ɗigon da ya kwanta ba.