Tarihin Rayuwata, Kashi na 23: Kwana Bakwai a Kan Teku

Makon jiya na tsaya a inda Auta ta biya mana kuɗin jirgin yawon shaƙatawa daga Miyami ta Amurka. Da labari ya kai wa Kawu, cewa ya yi ruwa ba sa'an kwando ba ne. Ni ce kwandon, na gane, kuma har yau maganar tana cina.

Kafin jirgi ya tashi sai an tara kowa an nuna masa inda zai taru in hatsari ya faru. Alamar ita ce ƙara bakwai gajeru, sannan ɗaya doguwa. An tsaurara wannan doka ne bayan wani jirgin yawo mai suna Costa Concordia ya kife a Italiya a 2012, mutum 32 suka rasu. Kawu ya san wannan labari, don a rediyo ya ji, shi ya sa bakinsa bai mutu ba.

Mai jin jiri ya nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa, nan girgiza ta fi sauƙi. Ɗakin ciki ya fi araha amma ba taga, ba ka bambance Azahar da Asuba sai da agogo. Alƙibla ce babban aiki. Daga yankin Karibiyan arewa maso gabas take, to amma jirgi juyawa yake yi, ƙarfen jikinsa kuma yana rikita manunin waya. Akwai tasha a talabijin ɗin ɗaki mai nuna inda jirgi ya dosa, da ita ake kwatantawa. Ki tafi da butarki. Bandakin kuwa da iska yake zuƙa, bututunsa siriri ne, in aka jefa wani abu ban da takardar bandaki tasu sai ya toshe har na maƙwabta. Dutsen guga ma ƙwacewa suke yi tun a ƙofa, saboda gobara.

Ruwan famfo daga teku ake tace shi a cire gishirin. Da marigayi Malam yana raye da ya yi ta tambaya ko ya halatta a yi alwala da shi, shi da ya hana ni ko zuwa dam ɗin Tiga a shekarun da ba na son tunawa.

Kuɗi ba ya yawo a hannu. Kati ɗaya ne makullin ɗaki, shi ne kuma jakar kuɗi, ga ladan ma'aikata da ake ɗora wa kowane mutum kullum. Lissafi sai daren ƙarshe yake fitowa.

A Jojtawun ta tsibirin Kayman jirgi ba ya matsowa gaɓa, ƙananan jirage ke kai mutane. Da bazara agogon garin yana bayan na Miyami da awa ɗaya, kuma jirgi nasa agogon yake bi, ba ya jiran wanda ya makara. Na dawo da rabin awa a hannu, kwandon Kawu bai nutse ba. Tsarabarsa kuwa tana nan cikin akwati, ban kai masa ba tukuna.