Godiya ga Waɗanda Suka Tsaya Mana Lokacin da Ruwa Ya Yanke a Gona

Assalamu alaikum. Godiya ta tabbata ga Allah da ya nuna mana bayan wannan zafi lafiya, mu da iyali da abin da ya rage mana na kaji da shuka. Bayan haka akwai bashin godiya a wuyana na mutane da yawa, kuma tun da an ce yaba kyauta tukuici, gara in biya shi a idon jama'a. Ba zan kama sunan kowa ba, don wasu sun roƙe ni kada in yi, amma kowa zai gane kansa.

Ga wanda bai san abin da ya faru ba: gonar tamu 'yar ƙarama ce. Fangalolin tumatir ne da barkono da kokwamba da kuɓewa, sai latas da albasa kaɗan, sai ɗakin kajin ƙwai a gefe. Duk rijiya ɗaya suke sha, inji ɗaya ke jawo musu. A daidai lokacin da zafi ya kai maƙura, tumatir na fure, na farko ya fara ƙosawa, kaji na tsakiyar yin ƙwai, sai injin ya ƙone. Da rana tsaka ya yi wani ƙara, ya yi hayaƙi, ya yi shiru. Ruwan da ke tanki bai kai mu washegari ba.

Wanda bai taɓa kiwon kaji ba zai iya ɗauka rashin ruwa na yini ɗaya ba wani abu ba ne. Kaza ba ta gumi. Zafin jikinta ma kansa wajen digiri 41 ne, ga gashi a lulluɓe, don haka babbar hanyarta ta fitar da zafi ita ce haki da buɗe fuka-fuki. Ta fi jin daɗi idan iska na tsakanin digiri 18 zuwa 24. Da ya haura 30 za ka ga ta rage ci, ta ƙara sha, har ta kan ninka ruwan da ta saba. Da na shiga ɗakin da la'asar ɗin nan, babu kukan da na saba ji. Kowace ta buɗe baki, maƙogwaro na karkarwa, fuka-fuki a sake, wasu sun tone shimfiɗar ƙasa sun manna ƙirjinsu a ɗan sanyin da ke ƙasa. Wata da nake ganewa saboda ƙarfin halinta wajen cin abinci, na ɗaga ta ko motsi ba ta yi ba, zankonta ya koɗe.

Godiyata ta farko ga Baba maƙwabcinmu na gabas. Ban je na roƙe shi ba. Shirun injin ya ji, don ya saba jin ƙararsa kowace yamma, sai ya turo jikansa ya tambaya ko lafiya. Kafin magariba ya sa an kwance tiyon da yake ban ruwa da shi, an haɗa da namu, an jawo ta ƙarƙashin shinge har bakin tankinmu. Shi ma fa shukarsa na jin ƙishi, kuma rijiyarsa ta yi ƙasa kamar ta kowa a wannan lokaci. Ya raba dare biyu, rabi nasa rabi namu, har aka gyara injin. Da na yi masa maganar kuɗin mai, ya ce in na sake tayar da zancen zai naɗe tiyonsa. Baba, Allah ya ƙara girma, ya sa ka gama lafiya, ya ba ka masu yi maka kamar yadda ka yi mana.

Ruwan tiyo ɗaya ba ya isar gona da kaji, sai aka koma ɗauka da hannu. A nan ne samarin da ke kewaye da mu suka nuna mini abin da ban zata ba. Wasu ma gaisuwa kawai ke haɗa mu. Suka zo da baro da jarkoki da bokitai, suka jera tun daga rafin da ke ƙasan gona har fangali na ƙarshe. Kuma abin da ya fi burge ni, sun yarda su yi aikin a lokacin da yake da amfani, wato bayan faɗuwar rana da kuma kafin fitowarta. Ruwan da aka zuba wa shuka da tsakar rana, rana na shanye wani kaso daga cikinsa. Na asuba shi ke sauka har saiwa. Barcinsu suka ba mu ke nan, kuma yawancinsu na da nasu aikin da safe. Ƙannena, Allah ya yi muku albarka, ya buɗa muku ta inda ba ku zata ba.

Likitar dabbobi ta zo cikin dare, ba ta ce a bari sai gobe ba. Abin da ta fara yi shi ne ta tsoma hannu a mazubin ruwan kaji, ta ce wannan ruwan ya yi ɗumi, ba za su sha ba ko ƙishi zai kashe su. Ta sa muka janye tankin kaji zuwa inuwa muka lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu, muka ƙara yawan mazubai don kada mai rauni ta sha tafiya kafin ta kai ga ruwa. Ta hana ba da abinci da rana, domin narkar da abinci kansa zafi yake haifarwa a jikin kaza. Sai da sassafe da kuma bayan rana ta yi sanyi. Ta ba mu sinadaran gishiri da bitamin na zubawa a ruwa, ta sa aka yaye labulen gefe gaba ɗaya, aka shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kan kwanon rufi. Waɗanda suka galabaita, ta nuna wa yarana yadda za su tsoma ƙafafunsu a ruwa mai sanyi-sanyi, ba mai ƙanƙara ba, su ajiye su inda iska ke kaɗawa. Allurar rigakafin da lokacinta ya yi kuwa ta ce a ɗaga, ba a yi wa kazar da ke cikin wahala, kuma maganin kansa zafi na kashe shi. Mun yi asarar kaji, ba zan ɓoye ba, amma da ba ta zo daren nan ba da wani labarin ake yi. Likita, na gode, Allah ya ƙara basira.

Ita ce kuma ta yi mana gargaɗi tun kafin mu gani, cewa ƙwai zai lalace na ɗan lokaci. Haka kuwa aka yi. Ya ragu, ya ƙanƙance, ɓawonsa ya yi laushi har wani a hannu yake fashewa. Dalilin da ta bayar ya zauna mini a kai. Ƙwai ɗaya na ɗaukar kaza awa 24 zuwa 26, kuma kusan awa 20 daga ciki a wajen gina ɓawo yake tafiya. Idan tana haki ba ƙaƙƙautawa, tana fitar da iskar da jikinta ke buƙata don haɗa wannan ɓawo, ga shi ba ta ci sosai ba balle ta sami isasshen kalsiyam, sinadarin da ake gina ɓawo da shi. Abin mamaki, da malamin gona ya zo duba tumatir, sai ga shi da magana mai kama da wannan. Ya ɗauki ɗaya ya juya, ga gindinsa ya yi baƙi ya lotsa kamar an ɗora masa garwashi. Na ɗauka cuta ce, har ina tunanin feshi. Ya ce a'a, kada in ɓata kuɗina. Kalsiyam ɗin yana nan a ƙasa, amma ruwa ne ke ɗaukarsa zuwa cikin 'ya'yan, idan ruwa ya yanke yau ya dawo gobe, ƙarshen tumatir ɗin ne ke rasawa. Maganinsa ban ruwa daidai-wa-daida da lulluɓe gindin shuka da ciyawa don ƙasa ta riƙe laima.

Shi ya bayyana mini sauran abin da ke damuna. Furen da ke kaɗewa ba tsutsa ba ce: idan zafin rana ya wuce digiri 32, dare kuma bai yi sanyi ba, furen tumatir da na barkono ba ya ɗaukar ciki, sai ya bushe ya faɗi. Tumatir da ya nuna ya tsaya a ruwan lemo ya ƙi yin ja, shi ma zafi ne, don sinadarin da ke ba shi jan launi ba ya samuwa sosai idan aka haura digiri 30. Ya ce mu riƙa tsinkewa da zarar ya fara juyawa, ya ƙarasa nuna a inuwa. Latas kam ya ce in haƙura, ya riga ya yi tsiri ya yi ɗaci, a tuge a ba kaji. Malam, ka hana ni sayen maganin da ba na buƙata, wannan kaɗai ya isa a gode maka.

Mai gyaran inji ya sha rana a bakin rijiya, ya kwance ya ɗaura ya sake kwancewa. Kayan gyaran da aka fara sayo mana jabu ne, bai yi awa guda ba ya sake ƙonewa. Wanda ya sayar da shi ya san halin da muke ciki, mun bar shi da Allah. Mai gyaran ne ya tafi da kansa ya nemo na gaske, kuma bai karɓi ladan aiki na biyu ba. Allah ya sa albarka a sana'arka.

Da ruwa ya dawo sai wata sabuwa ta taso. Tumatir da ya sha ƙishi, in ya sami ruwa da yawa lokaci guda, cikinsa kan kumbura fiye da fatarsa, sai ya tsage. Ga zafi ya sa komai ya nuna tare. Kuɓewa kuwa ba ta jira, in ka tsallake kwana biyu ta yi ƙarfi ta zama itace. Kokwamba ma haka, yau daidai, jibi ta yi ƙato ta yi ɗaci. Hannunmu ni da mai ɗakina da yara ba zai iya ba. Sai ga iyayenmu mata da 'yan'uwa sun zo da kwandunansu tun duhu bai gama washewa ba, don kayan lambu da aka tsinka da sanyin safiya ya fi daɗewa bai yi yaushi ba. Mai tsinkar kuɓewa ya san ƙaiƙayinta. Na ga hannayensu sun yi ja har gwiwar hannu, babu wadda ta yi ƙorafi, sai raha da tsokanar juna. Suka zauna ƙarƙashin bishiya suka tace: mai kyau gefe guda, mai tsaguwa gefe guda, wanda ya ruɓe na kaji. Mai tsaguwar suka yanyanka suka shanya, ranar da ta so hallaka mu ita ta busar mana da shi cikin ƙanƙanin lokaci. Albasa kuma suka baza ta a inuwa har wuyanta ya bushe kafin a ɗaure. Inna, ke kika tara su, na sani ko ba ki faɗa ba. Allah ya ja kwana, ya bar mana ke.

Masu sayen kayanmu, ku ma kuna da kaso. Akwai makon da na kawo muku rabin ƙwan da muka yi alkawari, ƙanana, wasu da tsaga. Akwai lokacin da tumatir ɗin bai da kyan gani ko kaɗan. Kuna da inda za ku je ku sami wanda ya fi shi, amma kuka tsaya. Wata baiwar Allah ma biyan wata guda ta yi tun kafin a kawo, ta ce a sayi abincin kaji da shi. Mai sayar mana da abincin kaji shi ma ya ɗaga mana ƙafa har muka farfaɗo. Irin wannan ba a mantawa.

Yaya, kai da ka bar naka aikin ka zo ka kwana a bakin ɗakin kaji kana canja ruwa, ba zan yi maka doguwar godiya ba don na san faɗa za ka yi. Mai ɗakina kuwa, ita ta riƙe lissafi da hankalina duka biyu. Ita ke zagayawa tana kwashe ƙwai sau da yawa a yini don kada zafi ya ɓata shi a cikin akurki, ita ke hana yara wanke shi, tana ce musu akwai wani siririn rufi a jikin ɓawon da ke tare ƙwayoyin cuta, ruwa na cire shi. Yaran kuma sun tashi da asuba ba tare da an tashe su sau biyu ba, abin da ban taɓa gani ba ko a ranar makaranta.

Yanzu iska ta sassauta. Kaji sun dawo da ci, ɓawon ƙwai ya yi ƙwari, kukansu ya dawo har yana hana mu barcin rana. Mun ɗaura ƙarin tanki, mun kafa rumfa a gefen yamma na ɗakin kaji inda rana ta fi dukansa. Kashin kajin da muka kwashe mun tara shi ya ruɓe, don ɗanyensa ƙone shuka yake yi, sai ya yi watanni kafin ya shiga fangali. Duk maƙwabcin da ke so idan ya nuna, ya zo da buhunsa, kyauta ne. Irin tumatir da barkono na zagaye na gaba ma ya tsiro a gandun reno, kuma na zuba fiye da buƙatarmu da gangan, saboda masu son dashe.

Wanda na manta ban ambata ba, ya yafe mini, ba raini ba ne. Akwai waɗanda suka kira waya, akwai waɗanda suka yi addu'a daga nesa, akwai wanda ya ajiye ƙanƙara a bakin ƙofa ya tafi har yau ban san ko wane ne ba. Allah ya saka wa kowa da mafificin alheri, ya tsare muku dukiyarku da iyalanku, ya sa kada ku ga irin wannan rana a naku.

Sannan akwai kayan mutane da suka rage a wurinmu: jarkoki shuɗɗa, baro mai sabuwar taya, tocila, da wata wuƙa mai ƙotar katako da aka bari wurin shanya. Mun wanke mun ajiye a rumfar bakin gona. Masu su su zo da safe kafin rana ta ɗaga, kuma kowa ya taho da kwando, don ba za mu bari ya koma hannu rabbana ba.