Kada ka sayar da littafinka gaba ɗaya

Wani matashi ya nuna mini saƙon da zai aika wa mai karanta littattafai a YouTube: ya sayar masa da labarinsa na binciken kisan kai baki ɗaya, biya sau guda, ba takarda. Har murna yake.

Ni ma haka na yi da littafina na farko. Ɗan kasuwa ya ƙirga mini kuɗi, na miƙa masa rubutun hannu, ya yi ta sake bugu ban ga ko sisi ba. Na kan ce kuɗin haya ne ya matsa mini, kuma gaskiya ne. Amma zumuɗin ganin sunana a bango ya fi hayar ƙarfi. To wa zai ja mini kunne a lokacin? Ku kuwa komai na cikin wayarku, karantawa ce ba kwa yi.

Arthur Conan Doyle likita ne a Southsea ta Ingila, marasa lafiya ba sa zuwa sosai. A 1886 ya rubuta labarin farko na Sherlock Holmes, jaruminsa mai binciken laifuka. Masu ɗab'i suka yi ta mayar masa da shi, har kamfanin Ward Lock ya taya fam 25 a kan haƙƙin mallaka duka. Ya nemi kaso daga ciniki, aka hana shi, ya sallama. Labarin ya fito a 1887, kuma daga wannan fam 25 bai ƙara samun ko kwabo a kansa ba. Abin da ya cece shi, littafin kaɗai ya sayar musu, jarumin yana hannunsa. Bayan mujallar Strand ta fara buga gajerun labaran Holmes a 1891, ya nemi fam 1,000 a kan guda 12, aka biya.

Saboda haka aron izini za ka bayar, na shekara 2 ko 3, a rubuce, da shaida. Bugu daban, sauti daban, fim daban, kowanne da farashinsa. A rubuta adadin kwafin da za a buga, domin a nan ake cuta. Sunan jarumin littafinka da ci gaban labarinsa kada su shiga ciniki.

In yunwa ta yi yawa, karɓi kuɗin. Da Doyle ya ƙi fam 25 ɗin nan, wataƙila da ba wanda ya san Holmes. Amma ko a hakan, karanta takardar kafin ka sa hannu, layi uku ne ba za su kashe ka ba.