Rabon taki da maganar iyakar mazaɓarmu

Bara da aka kawo takin gwamnati aka ce kowace mazaɓa kasonta daidai wa daida, to ka ji kamar an yi adalci ko? Sai dai mu mazaɓarmu ƙauyuka ne birjik tun daga bakin kwalta har tsallaken kogi, ga rugage a tsakani, ita kuwa wadda muke maƙwabtaka da ita in ka hau mashin kafin shayinka ya huce ka gama zagaye ta. Su mutum biyu suka riƙa raba buhu, mu kuwa da kwano aka auna mana. Baffa ya dawo da nasa ƙulle a leda yana dariyar takaici, wai ko barkonon bayan ɗaki ba zai isa ba.

Kuma fa ba taki kaɗai ba. Kansila ɗaya gare mu ɗaya gare su, deliget ɗin jam'iyya haka, asibitin sha-ka-tafi da ake cewa kowace mazaɓa a gyara mata ɗaya shi ma haka, kenan ƙuri'ar mutumin can ta fi tawa nauyi alhali layi ɗaya muka sha a rana.

Jiharmu Jigawa ƙananan hukumomi 27 ne da mazaɓu 287, Kano 44 da 484, ƙasar gaba ɗaya 8,809. Rabon da a ƙirƙiri sabbin ƙananan hukumomi tun 1996 zamanin Abacha, kuma taswirar da muke zaɓe a kanta kusan duk ta wancan lokacin ce. Yaron da aka haifa a shekarar yanzu magidanci ne da 'ya'yansa wallahi. A 2021 hukumar zaɓe ta INEC ta ƙara rumfunan zaɓe daga wajen dubu 120 zuwa 176,846, mun ji daɗi don an rage cunkoso, amma iyakar mazaɓa tana nan inda take. Ƙidaya ma tun 2006 rabonmu da ita.

Da na kawo maganar sake yanka iyakar mazaɓu a teburin mai shayi wani dattijo ya ce min, ɗana bi a hankali, in 'yan siyasa suka riƙe wuƙar yanka to ba yawan jama'a za su duba ba, akwatin da ba ya yinsu za su tsaga biyu su watsa. Gaskiyarsa ne. Ga kuma rigimar dagatai, don babu wanda zai so a ce an cire masa unguwa an liƙa wa wani gari, ko da a takardar zaɓe ce kawai.

Ni dai a ganina a ɗauko rajistar masu katin zaɓe a ga yawan kowace mazaɓa, sannan a zo a zauna da mutane a ƙofar gidan dagaci ba a ofis a Dutse ba, a tambaye su wace kasuwa suke ci, ina suke kai mara lafiya. Mutanen tsallake da damina sai da kwalekwale suke zuwa wajenmu, kansilanmu kuwa rabonsu da ganinsa tun ranar kamfen. In za a yanka a fara daga kogin nan.