Godiya Ga Waɗanda Suka Halarci Horon Jan Jiki Sama Na Ranar Asabar

Assalamu alaikum iyaye da 'yan uwa. Alhamdu lillahi, an yi taro lafiya an watse lafiya, ba wanda ya faɗo, ba wanda ya yi targaɗe. Mu da muka shirya wannan horo na jan jiki sama, wato mutum ya rataya da hannu ya ja jikinsa sama, muna miƙa godiya ga mai unguwa da ya ba mu filin ƙofar gidansa, da iyayenmu mata da suka aiko da ruwan sanyi da zoɓo, da 'yar uwarmu ma'aikaciyar jinya da ta zauna tun safe tana auna jinin jama'a. Allah Ya saka da alheri, Ya bar zumunci.

Godiya ta musamman ga kafintan unguwa. Tebur biyar aka kawo, ya girgiza kowanne, ya duba ƙusoshinsa, ya ce biyu kawai za a shiga ƙarƙashinsu don horon. Wasu sun ɗan ji haushi, amma gaskiyarsa ce. Mai koyon jan jiki a gida, abin da yake kamawa ya rataya yana iya ji masa ciwo. Saboda haka muna sake jan kunne: kada a yi lilo a saman ƙofa, domin nauyin mutum yana fizge hinjinta. Kada a kama katakon rufi ko azara, gara tana cinye cikinsu ta bar bayan lafiya lau. Reshen zogale kuwa ko yaro ba ya ɗauka. Idan bishiya za a yi amfani da ita, a nemi ɗanyen reshe mai kauri na darbejiya, a kama kusa da inda ya fito daga gindi, a fara sakin nauyi a hankali ƙafa tana ƙasa, kuma a kwashe duwatsu da kwalabe daga wurin.

Da yawa sun roƙi mu rubuta matakan, ga su.

A fara da ɗumama jiki na minti 5, ana juya kafaɗu da wuyan hannu. Sai aikin tebur: ka kwanta rigingine a ƙarƙashinsa, ka kama bakinsa da hannu biyu, ka lanƙwasa gwiwa, tafin ƙafa a ƙasa, ka ja ƙirjinka zuwa katakon. Sau 8 zuwa 10, ka huta minti ɗaya ko biyu, ka maimaita har zagaye 3. Wani ya danne ɗaya ɓangaren kada teburin ya kife. Wanda ba shi da tebur mai ƙarfi, ya ƙulla bakin zanin gado, ya jefa ƙullin ta saman ƙofa, ya rufe ya sa makulli. Ya tsaya ta ɓangaren da jan zanin ke ƙara rufe ƙofar, ya jingina da baya, ya ja jikinsa. Kuma ya sanar da mutanen gida, kada wani ya buɗe ya tsinci kansa a ƙasa.

Bayan mako biyu ko uku a koma rataya da hannu a reshe. Daƙiƙa 10 zuwa 20, sau 3, har a kai daƙiƙa 30. Daga nan, hannu a miƙe, ka ja kafaɗunka ƙasa su yi nisa da kunne, sau 5 zuwa 8. Wannan ɗan motsin samari suka fi rainawa, alhali shi ke koya wa tsokar baya ta karɓi aikin, damtse ya samu sauƙi.

Mataki na ƙarshe shi ne saukowa. Ka taka kujera mai ƙarfi har haɓarka ta kai reshe, ka ɗage ƙafa, ka sauko a hankali cikin daƙiƙa 3 zuwa 5. Sau 3 zuwa 5 ya isa. Tafin hannu yana kallonka ya fi sauƙi ga mai farawa. Kada a saki jiki gaba ɗaya a ƙarshe, wannan fizgar ce ke taɓa kafaɗa. Washegari ko jibi jiki zai yi tsami, ba komai. Amma ciwo mai suka a gwiwar hannu ko cikin kafaɗa, wannan a tsaya. Jijiyar da ke haɗa tsoka da ƙashi ba ta ƙarfi da sauri kamar tsoka, shi ya sa muka ce kwana 3 a mako, da ranar hutu a tsakani.

Kada a riƙe numfashi, a fitar da shi lokacin ja. A goge zufar hannu kafin a kama. Mai hawan jini, da mai ƙaba, da mai ciki, da wanda kafaɗarsa ta taɓa gocewa, su fara ganin likita.

Mun gode wa samarin da suka tsaya suka share fili suka mayar da tabarmi. An tsinci hula ɗaya da silifa, suna wurin mai unguwa. Zama na gaba kowa ya zo da tawul ɗinsa.